Injin yana mutuwa da ya ɗau zafi, ku duba mini hanyar mai

Auwalu Walda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka daɗe a nan sun san ɗan jirgin saman da nake haɗawa a garejinmu na Dakata, shekara ta uku ke nan. Kujera ɗaya, fiffike a sama, injin Volkswagen irin na tsohuwar Beetle. Tankuna biyu ne a cikin fukafukan, mai yana gangarowa da kansa zuwa kafireto, ban sa famfo ba. Satin nan na fara tayar da shi a ƙasa, mun ɗaure wutsiyar da igiya a jikin darbejiya. Da safe lafiya lau. Jiya bayan azahar ya yi kamar minti goma yana aiki, na rage wuta, na sake ba shi, sai ya yi tari biyu ya mutu. Muka yi ta juya farfela har hannu ya gaji, ya ƙi. Muka je la'asar muka dawo, bugu ɗaya ya kama. Yau ma haka. Ga hotuna uku nan, don Allah a duba mini.

Oga Sani Kwakwaci: Wa alaikumus salam. Kafireto ne. Kwance shi ka wanke, ka hura jet ɗin. Kuma a ina ka sayi man? In na 'yan bumburutu ne ka zubar kawai.

Auwalu Walda: Oga, sau biyu na wanke shi. Man kuma daga gidan mai na sayo, na tace da ƙyalle.

Oga Sani Kwakwaci: To kwayil ne. In ya yi zafi yana yanke wuta. Shekara ashirin da biyar ina wannan aikin, na san tarin injin.

Auwalu Walda: Na cire fulogi na gwada a lokacin da ya mutun, wuta shuɗiya tas.

Abban Sadik: Ni tambayata daban ce. Wai da gaske kake shirin hawa wannan abin? Kana da iyali fa Auwalu.

Baba Injiniya: Auwalu, barka da ƙoƙari. Na buɗe hoto na biyu na ƙara masa girma. Wannan jan bututun da ya fito daga katangar da ta raba ka da injin, ya hau sama ya tsallake salansar hagu, sannan ya sauko kafireto, shi ne bututun mai?

Auwalu Walda: Shi ne Baba. Na ɗaga shi ne don kada ya taɓa salansar.

Baba Injiniya: Yatsa nawa ne tsakaninsu?

Auwalu Walda: Biyu, ko biyu da rabi.

Baba Injiniya: To ruwa ba ya tsami banza. Ka bar kafireto ya huta, ba shi da laifi. Manka ne yake tafasa a cikin bututu. Fetur ba abu ɗaya ba ne kamar ruwa, gauraye ne, kuma mafi sauƙin cikinsa yana fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. Yanzu muna Afrilu, inuwar Kano kanta tana kai 40. Tankinka yana cikin fiffike, rana tana dukansa tun hantsi. Man ya fito da zafinsa, kai kuma ka bi da shi ta saman salansa, wadda hayaƙin cikinta kusa da kan injin yake kai wajen digiri 700. Zafi sama yake tashi, wato ka ɗora tukunya a kan murhu. Sannan ka yi masa tozo. Kumfar tururi sama take nema, tana isa ƙololuwar tozon nan sai ta zauna, ba ta gaba ba ta baya. Lokacin da ka rage wuta farfela ta rage iska, man ya rage gudu ya daɗe a wurin zafi. Da ka sake ba shi wuta, abin da ke cikin kwanon kafireto ya ƙare, na bayansa bai iso ba. Tari biyun da ka ji ke nan. Kuna masallaci bututu ya huce, tururi ya koma mai.

Oga Sani Kwakwaci: Baba, da girmanka, amma motoci nawa ne a garin nan tiyon mai yake gefen salansa suna yawo har Legas?

Baba Injiniya: Motar yanzu famfonta yana cikin tanki, Sani, yana turo mai da ƙarfin da ya kai bar 3 a ma'aunin matsi. Mai in yana matse haka ba ya tafasa da wuri. Shi Auwalu nauyin man ne kaɗai ke tura shi. In tanki ya ɗara kafireto tsayi da mita ɗaya, ƙarfin bai wuce bar 0.07 ba. Nasa a hoton nan ko mitar bai cika ba. Kuma ka tuna tsofaffin motoci masu famfo a jikin injin. Ba ka taɓa ganin direba ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfon mai da rana tsaka ba?

Oga Sani Kwakwaci: Kai! Fijo 504 ɗin maigidana. Har ƙanƙara mun taɓa ɗaura mata a hanyar Wudil. To na ji wannan. Amma maganin ai mai sauƙi ne, ya sa famfon lantarki a jikin katangar, kusa da kafireto, ya ja man da ƙarfi. Dubu kaɗan ne a Ƙofar Ruwa.

Zainab BUK: Oga Sani, ina ganin wannan zai ƙara dagula abin. Famfo in yana zuƙa, matsin da ke bayansa raguwa yake, kuma da matsi ya ragu ruwa yana saurin tafasa. Shi ya sa ruwan shayi yake tafasa da wuri a kan tsauni. In famfon yana wurin zafi yana zuƙo mai daga nesa, tururin zai ƙaru ne, kuma famfon ba ya iya tura tururi. In ma za a sa, ƙasa ake sa shi, wurin sanyi, inda mai ke gangaro masa, ya zama turawa yake.

Oga Sani Kwakwaci: 'Yan boko sun iso.

Zainab BUK: Oga ai ƙanƙararku ta hanyar Wudil ita ce bokon, mu rubutawa kawai muka yi.

Baba Injiniya: 'Yata ta faɗi daidai. Kuma jirgi mai tanki a sama ba ya buƙatar famfo in an ja bututu yadda ya kamata. Ƙananan Cessna masu kafireto, irin 150 da tsofaffin 172, haka suke tashi, mai na gangarowa da kansa. Duk abin da ka ƙara, ka ƙara abin da zai lalace. Ƙa'idar ita ce daga tanki bututu ya yi ta gangara ba hawa, har zuwa wuri mafi ƙasa, can gindin katangar. A nan ake sa ƙoƙon tace mai, mai ɗan famfon tsiyaya a gindinsa, don ruwa da datti su taru a wurin ka zubar kafin kowane tashi. Daga ƙoƙon sai ya hau a hankali zuwa kafireto, hawa ɗaya. Kumfa in ta samu, ko ta koma tanki ko ta fita ta kafireto. Ba tozo, ba kwari a tsakani. Tozo na tara tururi, kwari na tara ruwa.

Habu Mai Firij: Ni na ba shi bututun nan, kuma sabo ne dal, inci kwata, irin wanda muke sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Gas yake riƙewa shekara goma ba yoyo, balle fetur. Kada a ɗora wa jan ƙarfe laifi.

Baba Injiniya: Malam Habu, ba a ce kayanka ba su da kyau ba. Amma ɗauki guntunsa ka lanƙwasa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe. Me kake ji a hannunka?

Habu Mai Firij: Yana ƙara tauri. Daga nan ya karye.

Baba Injiniya: To injin jirgi yana zaune a kan robobi, yana rawa, katangar kuwa a tsaye take. Auwalu ya haɗa mai rawa da marar rawa da sandar jan ƙarfe. Kowace jijjiga lanƙwasa ce ƙarama, dubbai a minti ɗaya. Wata rana zai tsage a wuyan noti, kuma a saman salansa yake. Wannan ya fi mutuwar injin tayar mini da hankali. Na taɓa ganin irinsa a inda na yi aiki, ba a jirgi ba, a janareton da ke ba jirage wuta a ƙasa. Wani ya canza tiyo da jan ƙarfe don ya gaji da saye. Bai yi wata biyu ba. Tsagar kamar silin gashi, sai ka sa farce za ka ji ta, amma mai yana fita kamar feshin turare. Allah ya sa warin muka fara ji. Jirage na da can sun yi amfani da jan ƙarfe, gaskiya ne, amma sai an riƙa cire shi ana gasawa ya yi laushi, kuma an bar wannan tuntuni. Tsakanin katanga da injin tiyo mai lanƙwasa ake sawa. A cikin gangar jirgi, inda babu motsi, alminiyam mai laushi, lamba 5052. Kuma inci kwata ya yi maka kaɗan, Auwalu. Ka nemi 3/8. Man da ramin cikinsa ke ɗauka ya ninka na kwata fiye da sau biyu.

Habu Mai Firij: To in ya samo alminiyam ɗin ya kawo in buɗa masa baki, ina da abin buɗawa.

Baba Injiniya: A nan ma akwai tarko. Naka na masu firij da mota digiri 45 yake buɗawa. Kan haɗin jirgi, wanda ake kira AN, digiri 37 ne. In ka haɗa su zai ɗauru kamar ya zauna, har ya wuce gwajin farko, amma bakin a kan layi ɗaya siriri ya dafa. Jijjiga na zuwa sai yoyo.

Nura Katafila: Wannan kam fannina ne. Tiyon haidirolik na katafila da tarakta kan JIC gare su, shi ma 37 ne, yana shiga AN. Akwai masu matse tiyo a garin nan, kuma abin buɗa baki na 37 ina da shi a shago. Sai dai ka gaya musu fetur zai bi ciki, don ba kowace robar haidirolik ce ke jure fetur ba, wata kumbura take daga ciki ta toshe hanya, a waje kuwa kamar sabuwa. Ka nemi mai cikin Teflon da saƙar ƙarfe a baya.

Baba Injiniya: Madalla da Nura. Na JIC bai kai na jirgi tsananin awo a zarensa ba, amma na ƙarfe mai kyau ya fi abin da ke jikin jirgin nan yanzu nesa ba kusa ba. Ka auna tiyon ya ɗara tazarar da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, kada ya zama a miƙe kamar tsirkiya. Kada ya murɗe wajen ɗaurewa, ka riƙe da sufana biyu. Ka sa masa rigar wuta, wato wannan jar riga ta zaren gilashi da silikon, ka ɗaure bakinta biyu. Inda ya ratsa katanga kuma kada ka huda rami kawai ka zura. Akwai kan haɗi na ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin katangar, bututu ta ciki, tiyo ta waje. Ita katangar ana so ta tsaya wa wuta mai digiri 1,100 har minti 15. Rami mai roba a baki ya ɓata wannan duka.

Abban Sadik: Kuna ta ba shi shawara kamar keke yake haɗawa. In ya faɗo kan gidajen mutane a Dakata fa? Wa ya ba shi izini? Ni wallahi ina ganin taimaka masa ma alhaki ne.

Auwalu Walda: Yaya, ban ce gobe zan tashi ba. Ko titin tashi ba ni da shi. Na san ba a ɗaga jirgi sama sai NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ta duba ta yarda, ta ba shi lambar rajista mai farawa da 5N. In ba su yarda ba zai zauna a gareji yara su riƙa zuwa kallo. Amma ko a ƙasa ne ba na so ya kama da wuta ina ciki.

Zainab BUK: Kuma ba a kansa farau ba. A 2007 Mubarak Abdullahi yana ɗalibi a jami'armu ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, har jaridun waje suka ɗauka.

Abban Sadik: Sai aka yi yaya? Yana ina yanzu, jirgin?

Baba Injiniya: Tsoron Abban Sadik yana kan hanya, kada a yi masa ca. Amma jirgin haɗin gida ba wasan yara ba ne a duniya. Air Beetle da sojojin samanmu suka koyi tuƙi da shi, guda 60 da aka haɗa a Kaduna, asalinsa RV-6A ne, wanda mutane a Amurka ke saye a akwati su haɗa a garejin gidansu. Bambancin shi ne ana bin zane, kuma wani ya duba aikin wani. Abin da muke yi yanzu ke nan.

Mai Zaure: Jama'a a tsaya kan maganar mai. Mai son muhawarar izini ya buɗe tata daban, za mu zo.

Auwalu Walda: Baba, wata tambaya. Makullin da ke zaɓar tankin hagu ko dama, yanzu yana gabana ƙasan gwiwa. Tunda ana maganar wuta, ina tunanin in mayar da shi bayan kujera, bututun mai ya fita daga inda nake zaune gaba ɗaya. In ɗaura masa doguwar sanda.

Baba Injiniya: Kul. Wani ya riga ka wannan tunanin. Mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya sayi jirgin haɗin gida ƙirar Long-EZ. A zane makullin man yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, da niyya mai kyau irin taka, kada mai ya bi ta ɗakin matuƙi. Ranar 12 ga Oktoba 1997 tanki ɗaya ya ƙare masa a sama, ya juya jiki zai kamo makullin, masu bincike suka ce wajen juyawar ne ƙafarsa ta danne fedar da ke karkata jirgi dama. Jirgin ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, ya rasu. Bar makullinka inda ido ke gani, hannu ke kaiwa kana ɗaure da bel. Bututun ciki kuwa ka yi shi guda ɗaya ba gami, ka kama shi da maɗauri mai roba a ciki duk inci 16, ka bi da shi inda takalmi ba ya taka.

Oga Sani Kwakwaci: Allah ya kyauta. Ni kuma ga abin da na hango a hoto na uku, tunda kowa na hange. Ka ɗaure wayar batir a jikin bututun mai da wannan maɗaurin roba. Ko a mota ba na barin yarana su yi haka. Roba ta cinye, waya ta goga, tartsatsi a kan mai.

Baba Injiniya: Idonka ya fi nawa, Sani, ban lura ba. A raba su, kuma waya ta bi sama, mai ya bi ƙasa, don in ya ɗiga kada ya ɗiga a kanta.

Oga Sani Kwakwaci: Ka cire farin tef ɗin 'yan famfo da ka naɗa a zaren ma. Yana yagewa ya shige jet. Wannan kam na sha cirowa. Da wannan filtar roba ta babur da ke lilo kusa da injin.

Auwalu Walda: Kai jama'a, ashe ba abin da na yi daidai.

Nura Katafila: Waldarka ta yi kyau.

Baba Injiniya: Kafin ka kwance komai, yi mini gwaji ɗaya, don ka gani da idonka. Injinka lita nawa yake sha a awa in ka ba shi wuta duka?

Auwalu Walda: Na auna da safe, wajen lita 20.

Baba Injiniya: Mai gangarowa da kansa ana so ya kawo kashi 150 cikin ɗari na wannan, mai famfo kuma 125. Naka lita 30 a awa ke nan, wato lita ɗaya cikin minti biyu. Ka bar mai kaɗan a tanki, kamar na ƙarshen tafiya. Ka ɗora tayoyin gaba a kan bulo, wutsiya a ƙasa, hanci ya ɗaga kamar yana hawa, don a nan ne tanki yake komawa baya ya yi ƙasa. Ka cire bututun daga kafireto ka riƙe bakinsa daidai tsayin kafireton, kada ka sauke shi cikin jarka a ƙasa, yaudarar kai ce. Murfin tanki a rufe. Tanki ɗaya bayan ɗaya. A fili, ba mai sigari, ba mai walda kusa, abin kashe gobara a hannu.

Auwalu Walda: Na dawo jama'a, jiya da yamma muka yi. Tankin dama lita ɗaya ta ɗauki minti 3 da daƙiƙa 10. Zainab, nawa ke nan?

Zainab BUK: Wajen lita 19 a awa. Ko abin da injin ke sha bai kai ba, kuma a sanyi ke nan, ba tururi.

Auwalu Walda: To na hagu ya fi ban tsoro. Ya fara zuba, ya yi ta raguwa har ya koma ɗigo. Na buɗe murfin tanki sai na ji ya ja iska, fuu, mai ya dawo. Na zura waya a ɗan bututun shaƙar iska na ƙarƙashin fiffike, sai ga jar ƙasa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, har da tsutsarsa.

Oga Sani Kwakwaci: Ka ga wannan ko Baba bai hango ba.

Baba Injiniya: Ban hango ba kam. A filin jirgi duk wani ɗan rami ana toshe shi in jirgi zai kwana, da jan ƙyalle a jiki don kada a manta a tashi da shi. Ka yi wa naka haka. Kuma bakin bututun ya kalli gaba, iska ta riƙa tura mai, kada ya kalli baya ta riƙa zuƙa.

Abban Sadik: Da a sama zanzaron nan ya nuna kansa fa? Shi nake faɗa muku.

Auwalu Walda: Shi ya sa yake ɗaure a darbejiya, Yaya.

Auwalu Walda: Sati biyu ke nan, ga sabbin hotuna. Alminiyam 3/8 daga tankuna zuwa makulli zuwa ƙoƙon tacewa, Nura ya buɗa bakunan. Tiyo ya bi ta ƙasa ta dama, tazararsa da salansa ta fi tafin hannu, na kuma yi wa salansar garkuwa da falle. Dama lita ɗaya a minti 1 da daƙiƙa 35, hagu 1 da 40. Jiya ƙarfe biyu na rana ya yi minti 25, na rage na ƙara sau shida, ko tari. Rigar wutar ce ban samu ba, na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, wani ya nuna mini ta naɗe salansar babur ya ce ita ce.

Baba Injiniya: Ba ita ba ce, kada ka karɓa. Kuma duk gwajin nan injin a buɗe yake. Ranar da ka sa masa murfi zafin ciki zai canza, sai ka sake daga farko, har da kashe shi ka bar shi minti goma a rana ka sake tayarwa. Tiyon nan mita nawa ne?

Auwalu Walda: Bai kai rabin mita ba.

Baba Injiniya: Ina da guntun riga a akwatin kayan aikina, zan duba ko bera bai ci ba. In za ka zo Asabar bayan la'asar, ka taho da tiyon a hannu, sai an cire kai ɗaya take shiga.

Habu Mai Firij: To jan ƙarfena fa? A dawo mini da shi, akwai firijin da ke jira.